Matan Iran a Lokacin Juyin Juya Halin 1979

Ku dubi birnin Tehran a ƙarshen shekarar 1978. Sanyi ya yi tsanani, ma'aikatan man fetur suna yajin aiki, kananzir ya yi wuya a ƙasar da ke sayar wa duniya mai. Mata na bin dogon layi da jarkoki, su koma gida su ɗora tukunya. Da dare a ɗauke wuta, jama'a su hau saman gidaje suna kabbara. Gari na wayewa kuma, sai ga matan nan a titi cikin masu zanga-zangar ƙin jinin Sarki Muhammad Reza Pahlavi.

Da yawansu sun fito sanye da cador, baƙin mayafin nan da ke rufe jiki daga kai har ƙafa. Har 'yan jami'ar da ba su saba sa shi ba sun yafa, kuma da dalili. A 1936 mahaifin sarkin, Reza Shah, ya haramta lulluɓi, 'yan sanda suna fizge mayafi daga kan mata a kan hanya. Wasu matan sun gwammace su shafe shekaru ba su leƙa ƙofar gida ba. Wannan ciwon bai warke ba, shi ya sa mayafi ya zama alamar bijire wa sarki.

Ranar 16 ga Janairun 1979 sarki ya fice daga ƙasar, jagoran juyin juya halin, Ayatullahi Khumaini, ya dawo daga gudun hijira ranar 1 ga Fabrairu. Ba a yi nisa ba aka jingine dokar kare iyali ta 1967, wadda ta ba mace damar neman saki a kotu. Aka kuma ce ma'aikatan gwamnati mata su riƙa zuwa ofis da hijabi. Ranar 8 ga Maris dubban mata suka sake cika titunan Tehran. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, kukansu a kan tilas ne, irin tilas ɗin da iyayensu suka ɗanɗana a 1936. Aka sauke mata daga kujerar alƙalanci, ciki har da Shirin Ebadi, wadda ta samu kyautar Nobel a 2003. A 1983 hijabi ya zama doka a kan kowace mace.

Sai yaƙi da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988: maza a fagen daga, mata riƙe da gidaje da takardun rabon abinci. A shekarun nan ne kuma iyaye masu riƙo da addini, waɗanda a da ba su yarda da makarantun zamanin sarki ba, suka fara sakin 'ya'yansu mata su yi karatu. Zuwa farkon shekarun 2000, mata sun haura rabin ɗaliban da ke samun gurbi a jami'o'in Iran.