Renon ɗan kwikwiyon da zai zama jagoran makaho: aikin shekarar farko a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga nan Ingila zan yi muku bayanin yadda ake renon ɗan kwikwiyon da ake shirin mayarwa karen ja-gora ga makaho. Ga shi nan kwance kusa da ƙafata, ku gan shi. Irin Labrador ne, watansa 4.

Bari in fara kawar da wata fahimta da ta yi yawa. Mai reno a gida ba shi ke koya wa kare jan makaho ba. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma sai daga baya ake yin sa. A nan ƙungiyar Guide Dogs, wadda aikinta ya faro a 1931 da karnuka 4 da aka horar a garin Wallasey, ita ke haifar da 'yan kwikwiyonta, ta miƙa su ga masu aikin sa-kai suna da kamar sati 8, su zauna a gida har su kai wata 12 zuwa 16. Ita ke biyan kuɗin abinci da na likitan dabbobi, kuma akwai jami'in da ke zagayowa yana duba yadda ake ciki. Abin da ake nema daga mai reno shi ne ya mayar da kare mai natsuwa, mai tsabta, wanda duniya ba ta firgita shi. Duk dokar da zan faɗa yanzu, ku riƙa tuna mutumin da zai riƙe karen nan wata rana alhali ba ya gani. Daga nan kowace doka ta samo dalilinta.

Mu fara da bayan gida, domin nan ne aka fi shan wahala, nan kuma aka fi yin ɓarna. A satuttukan farko ana fitar da shi kusan kowace awa, sannan da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa. Da dare ma sai an tashi sau ɗaya ko biyu, don mafitsararsa ƙarama ce, ba ta riƙo. Wuri ɗaya ake kai shi a waje, da igiya a wuyansa, kuma an fi so wurin ya zama siminti. Idan ya saba da ciyawa kaɗai, ranar da ya tsinci kansa a tsakiyar birni babu ciyawa, zai matse har ya takura, ko ya saki a cikin kanti. Daidai lokacin da ya tsuguna sai ka furta kalmar da aka ware wa wannan, a nan “bizi-bizi” ake cewa, yana gamawa ka yaba masa. A hankali kalmar ke haɗuwa da aikin, har ya zama in ka faɗa sai ya yi. Amfanin wannan babba ne. Makaho yana ba da umarnin kafin su fita daga gida, ya shafa bayan karen: in bayan a miƙe yake fitsari ne, in ya lanƙwashe to kashi ne, sai ya saita ƙafarsa da wurin don ya iya kwashewa da leda. Karen da ya saba yin kashi a kan hanya duk inda ya ga dama ba zai yi wannan aikin ba.

In ya yi a ɗaki, kada a daka masa tsawa, kada a tura hancinsa ciki. Abin da zai koya daga nan kawai shi ne kada ya yi a gabanka, sai ya koma yi a bayan kujera. A goge da ruwan wankin da aka yi musamman don kashe warin fitsarin dabbobi. Mai sinadarin amoniya ba ya yi, warinsa na kama da na fitsari, sai ya riƙa jawo shi wurin.

Abinci kuwa, ga sikelin nan. Busasshen abinci ne ƙwaya-ƙwaya, kuma aunawa ake yi da giram bisa adadin da ƙungiya ta rubuta, ba a ɗiba da ka ko da kofi. Sau 4 a rana har ya kai sati 12, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Labrador ba ya sanin ya ƙoshi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Cambridge a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na irin wannan kare na da wani sauyi a ƙwayar halittar da ke daidaita jin yunwa, kuma an fi samun sauyin a cikin karnukan da ake zaɓa don taimakon mutane, wataƙila saboda mai son abinci ya fi sauƙin horo. Saboda haka kada idanunsa su yaudare ka. Ka ɗora tafin hannu a gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Ƙiba a wannan shekaru tana danne gaɓoɓin ƙugu da gwiwa da ba su gama ƙwari ba, kuma ciwon gaɓa na cikin abubuwan da ke fitar da kare daga aikin.

Ku duba yadda ake ba shi. Na riƙe kwanon, na jira ya zauna. Ina saukar da kwanon a hankali. Kun ga ya ɗaga gindi, to sai in mayar da kwanon sama ba tare da na ce komai ba. Ya sake zama. Yanzu kwanon ya kai ƙasa, yana kallonsa, yawu na zuba, amma bai motsa ba. Sai in busa usur sau 3, sannan ya ci. Wannan busar ita ce asusun da ake tarawa. Bayan watanni ana yin haka a kowane cin abinci, ƙarar usur ta zama daidai da abinci a ƙwaƙwalwarsa, to ranar da aka sake shi a fili ya yi gudu, busa 3 za ta dawo da shi. Kuma in ya dawo, ana so ya zo har ya taɓa hannunka ka kama abin wuyansa. Karen da ke tsayawa taku biyu daga gare ka, a wurin makaho bai dawo ba.

Babu ba shi komai daga faranti ko daga hannu lokacin da mutane ke cin abinci, ko sau ɗaya. Babu barinsa ya tsinci abu a ƙasa. Cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa, tafarnuwa, da cingam mai sinadarin zailitol duk guba ne gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji. Ladan horo ma daga cikin abincin da aka auna na ranar ake cirewa.

Kwana a keji yake yi, kejin da zai iya miƙewa tsaye ya juya a ciki. Ba wurin hukunci ba ne, a ciki ake ba shi abin tauna don ya so shi. Ƙaramin kwikwiyo yana barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma sau da yawa in ka ga yana cizo yana zagaye ɗaki kamar an kunna shi, gajiya ce, barci yake bukata. Ba ya hawa gado, ba ya hawa kujera. Zaman shi kaɗai ana fara shi da minti 2 ko 3, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma ko ya girma ba a barinsa sama da awa 4.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci: sabar da shi da duniya. Daga kamar sati 3 zuwa sati 14 ko 16 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro mai yawa ba. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin allurar rigakafinsa ba ta kammala ba, kuma cuta irin su fabo, mai sa amai da gudawar jini, tana daɗewa a ƙasa. Mafita ita ce a ɗauke shi a hannu. Ka rungume shi ka tsaya a tashar bas, ya ji ƙarar birki, ya ga keke, ya ga mai lema, mai sanda, mai hular kwano, yara suna ihu. Minti 10 sun isa. In likita ya ba da izinin taka ƙasa, sai a shiga kantuna, bas, jirgin ƙasa, lif, matakala mai rufaffen baya da wadda ake hango ƙasa ta cikinta, daɓe mai santsi, murfin ƙarfe na magudanar ruwa. Matakala mai tafiya da kanta kuwa ba a hawa da shi, tana iya kama dagi ta yanke. A sani kuma cewa dokar daidaito ta Biritaniya ta 2010 ta ba karen da ya gama horo damar shiga wuraren jama'a tare da mai shi, amma kwikwiyo mai koyo sai da yardar mai wurin. Rigar da ake sa masa shaida ce kawai, sai ka nemi izini cikin ladabi.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne a ɗauka yawan kai shi wurare shi ne nasara. Abin dubawa shi ne yadda ya ji a wurin. Ku kalli jikinsa: in yana hamma ba barci ba, yana lasar leɓe, kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ko ya ƙi karɓar abincin da kullum yake rububi, to abin ya yi masa yawa. Kada a ja shi kusa wai don ya saba. A ja da baya har inda zai iya kallon abin hankali kwance, a tsaya nan, gobe a matsa taku kaɗan. Tsoron da aka dasa da tilas a wata na 3 yana iya bin kare har ƙarshen rayuwarsa. Haka ma ƙarar wasan wuta da ake yi a nan a kusa da 5 ga Nuwamba: tun makonni kafin lokacin ake kunna masa sautin a waya, ƙasa-ƙasa, yana cin abinci.

Tafiya da igiya, a gefen hagu yake, igiyar a sake. Da ya ja, sai ka tsaya cak. Ba fizga, ba magana. Da igiyar ta sake, ka ce “yawwa” ko duk kalmar yabon da aka zaɓa, ka ba shi ƙwaya ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ku ci gaba. In ka makara da ladan, wani abin daban ka saka wa. A farko tafiyar mita 100 na iya cin minti 15, kuma duk ranar da ka gaji ka bar shi ya ja ka zuwa inda yake so, ka koya masa cewa ja na biya. A bakin kowane titi ana tsayawa kafin a tsallaka. Darasi kuwa gajere ne, minti 3 zuwa 5, sau da yawa a rana.

Mutane za su so su shafa shi, kuma yana da wuya ka hana. Amma in duk wanda ya gani ya gaisa da shi, zai tashi da tunanin kowa nasa ne, wata rana ya bar hanya da makaho a bayansa don ya je gaisuwa. A bari ya gaisa jefi-jefi, da izini, ƙafafu 4 a ƙasa. Da sauran karnuka ma haka, in yana kan igiya wucewa ake yi. Makarantun horar da karnukan ja-gora da yawa suna hana wasan jefa ƙwallo saboda yana tayar da sha'awar bin abu mai gudu, kuma gari cike yake da ƙwallon yara, da tantabaru, da kurege. Akwai kuma darasin da ba ya kama da darasi: ka zauna a wurin shan shayi ko ɗakin jira, ya kwanta ƙarƙashin kujera minti 20 bai yi komai ba. Rabin rayuwar karen ja-gora jira ce a ofis, a asibiti, a cikin jirgi.

Kullum a taɓa jikinsa, kunne, baki, dagi, ciki, wutsiya, a taje shi, domin da hannu mai shi zai riƙa duba lafiyarsa. Tsakanin wata 3 da 7 haƙoran nono 28 ke zubewa na manya 42 su fito, zai tauna duk abin da ya samu. A kwashe takalma da wayoyin lantarki, in ya kama hannu a musanya masa da abin tauna. Maganin tsutsar ciki, ƙuma da kaska, a bi jadawalin likita.

Daga wata 6 zuwa sama balaga ke shigowa, sai ka ga karen da ya iya komai ya yi kamar bai taɓa jin sunansa ba. Ba lalacewa ya yi ba. A koma matakin farko, a sa masa doguwar igiya ta mita 5 zuwa 10 a fili don kada ya saba da ƙin amsa kira, kuma kada a taɓa kiransa don a hukunta shi. In mace ce, zuwan lokacinta na neman namiji kan ɗauki kamar sati 3, a lokacin ba a sake ta a fili. Batun dandaƙa kuwa ƙungiya ke yanke shawara, domin wasu ana ajiye su don haihuwa.

In lokaci ya yi, ya tafi makarantar horo na wasu watanni. A can ne zai sa kayan ɗamara mai mariƙi, ya koyi kauce wa abin da zai bugi kafaɗa ko kan mutum, ya koyi ƙin bin umarnin “mu tafi” in mota na tahowa. Ba duka ke kaiwa ba; tsoro, shagala da wasu karnuka, ciwon fata ko na gaɓa kan sa a canza wa kare aiki ko a nema masa gidan zama. Shi ya sa rahoton da mai reno ke bai wa jami'i ya zama gaskiya tsantsa. In yana tsoron babur, a rubuta. In ya taɓa yin gurnani a kan kwanon abinci, a rubuta, da ranar da kuma abin da ya faru kafin nan. Ɓoye irin wannan don kada a ce ka gaza yana nufin matsalar za ta fito ne a kan titi, a hannun wanda ba ya ganinta tana tahowa.

A bidiyo na gaba zan fita da shi fili in nuna muku yadda ake aiki da doguwar igiya da usur. Sai mun haɗu.