Me ya sa muryar mata ta yi ƙaranci a rediyon kantiri?

Jama'a, wanda ya taso yana jin Dolly Parton a rediyo zai ɗauka mata na cin karensu ba babbaka a waƙar kantiri ta Amurka. Lissafi bai nuna haka ba.

Mu fara daga birnin Nashville, cibiyar waƙar kantiri. Jami'ar Belmont tana daf da unguwar kamfanonin waƙa, kuma ta yaye mawaƙa maza da mata, irin su Trisha Yearwood da Brad Paisley. A can ne samari biyu na ƙungiyar waƙa ta Florida Georgia Line suka haɗu, waɗanda daga 2012 suka yaɗa salon waƙar a-kori-kura da giya da budurwa a kujerar gefe. A irin wannan waƙa ana wasa mace, amma ba a miƙa mata makirfo.

Dakta Jada Watson ta Jami'ar Ottawa a Kanada ta bi jadawalin rediyo shekara-shekara. A 2000, waƙoƙin mata sun kai kashi 33 cikin ɗari na waɗanda suka fi tashe. Zuwa 2018 sun sauko kashi 11.

Ta yaya? A 2015 wani mai bai wa tashoshi shawara, Keith Hill, ya fasa ƙwai. Ya ce maza ne latas ɗin salak, mata kuwa tumatir ne, 'yan yanka kaɗan a sama. Shawararsa: kada waƙoƙin mata su wuce kimanin kashi 15, kuma kada a sa mata biyu a jere.

To, ku lura da yadda tarkon yake aiki, don nan ne abin takaicin. Tasha tana loda waƙoƙi a kwamfuta, manhaja ce ke jera su. Waɗanda aka sa a sahun gaba suna juyawa safe da yamma, lokacin da mutane ke cikin mota. Waƙar mace sau da yawa sai tsakar dare. Daga nan a gwada masu sauraro: a kunna musu amshi na 'yan daƙiƙu, a ce su ba da maki. Kunne kuwa abin da ya saba da shi yake yabo. Waƙar da ba a ji ba ta sha ƙasa, tasha ta ce ai kun gani, ba a so. Ba ta hau jadawali ba, kamfani ya ƙi zuba kuɗi, masu shirya wasa su tura mawaƙiyar buɗe fage. Ɗalibar da ta gama Belmont da murya da iya rubutu, wannan katangar take tararwa.

An ɗan motsa. A 2020 tashar talabijin ta CMT ta yi alkawarin raba lokacin bidiyo rabi da rabi tsakanin maza da mata. A 2023 Lainey Wilson ta ci babbar lambar gwarzon shekara ta CMA, ƙungiyar masu harkar waƙar kantiri. Mace ta ƙarshe kafin ita, Taylor Swift ce, tun 2011.