Jawabin Sakataren Walwala Kan Jinyar Ɗan'uwanmu, a Taron Wata na Ƙungiya a Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malam Shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da zuwa. Ina godiya ga shugabanni da suka ba kwamitin walwala wannan lokaci domin mu yi magana kan jinyar ɗan'uwanmu, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, tunda duk wanda ke zaune a wannan ɗaki ya san shi. Da izininsa da na maiɗakinsa nake faɗin abin da zan faɗa, kuma ina roƙon kada maganar ta fita daga nan zuwa zaurukan WhatsApp.

Ciwon dajin da ya kama shi a hanta ya bazu zuwa wasu sassan jiki, kuma likitocinsa sun zauna da shi sun gaya masa cewa maganin da ake ba shi ya daina aiki, ci gaba da shi wahala kawai zai ƙara masa. Abin da ya rage yanzu shi ne a rage masa raɗaɗi, a kula da cinsa da barcinsa, a bar shi cikin iyalinsa a gida kamar yadda shi da kansa ya zaɓa. Rai a hannun Allah yake, babu likitan da ya san ranar wani, amma Musulmi idan aka nuna masa alama yana shiri, mu kuma da muke kewaye da shi wajibi ne mu yi namu shirin.

Babu wanda zai ce wannan ƙungiya ta gaza wajen dubiya. Mun je, mun gaishe shi, mun yi addu'a, kuma mun san dubiyar maras lafiya tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Sai dai dubiyar da muka taso muka gani a Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi tana da gidan da ke ɗaukar ta: akwai zaure inda maza za su zauna, akwai tsakar gida, akwai ƙanne da facaloli da maƙwabta masu karɓar baƙi, shi kuwa maras lafiya yana can cikin ɗaki ba wanda ya dame shi. A nan Landan gidan ɗan'uwanmu ɗaki biyu ne da falo, gadon asibitin da aka kawo masa kuma a falon yake. Idan muka shiga mu goma bayan Magariba, a kansa muke zaune. Dole ya tashi ya gyara zama, ya amsa wa kowa cewa da sauƙi ko da ciwon yana cinsa, maiɗakinsa kuma, wadda ta kwana ido biyu, ta shiga kicin ta ɗora shayi domin kunya ba za ta bar ta ta ga baƙi ta ƙyale su ba. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga yau ba a zuwa sai an kira ni ko mataimakiyata tukuna, mutum biyu a lokaci guda, zaman kuma kada ya wuce minti goma sha biyar. Wanda ke mura ko tari ya yi haƙuri ya aiko da saƙon murya, za a kunna masa idan ya farka.

Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma ƙafar da gidan nan ke bukata yanzu ita ce mai kai yara makaranta da safe ta ɗauko su da yamma, mai zuwa kyamis karɓo magani, mai kwashe wanki ta dawo da shi a goge, da kuma namijin da zai kwana kusa da shi ya taimaka masa zuwa bayi ko yin taimama, domin baiwar Allah nan ta samu barcin dare ko da sau biyu ne a mako. Wannan aiki ba ya yiwuwa da niyya kawai, sai da jadawali, kowa ya san ranarsa, wanda kuma uzuri ya taso masa ya nemo wanda zai maye gurbinsa tun da wuri. Game da abinci, malamanmu sun sha tuna mana cewa lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo daga yaƙin Mu'uta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a yi wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Iyalin ɗan'uwanmu ma a shagalce suke tun yanzu. Amma kula biyar a ranar Asabar sannan babu ko ɗaya ranar Talata ba taimako ba ne. Kuma iyaye mata, don Allah, idan kun dama masa kunu ya kurɓa sau biyu ya ture, kada a matsa masa, kada kuma a ji haushi. Ma'aikatan jinya sun bayyana mana cewa a wannan mataki jiki da kansa ne ke daina neman abinci, tilasta shi kuwa amai da kumburin ciki yake jawowa.

Akwai maganar da nake so in daɗe a kanta, wato maganar magani. Kusan duk wanda ya je dubiya yana tafe da labarin wani mai magani a gida da ya warkar da irin wannan ciwo, ko wani jiƙo da za a aiko ta hannun matafiyi. Na san ƙauna ce ke kawo haka. To amma hanta ita ce ke tace kusan duk abin da mutum ya sha, tasa kuwa ita ce ta lalace, don haka jiƙon da mai lafiya zai sha ya kwana lafiya shi yana iya rikita shi, ko ya yi karo da maganin da ke rage masa ciwo. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani a kusa da shi babu mai hana su, shi ma yana son su. Amma duk abin da zai shiga bakinsa, a nuna wa nas ɗin da ke zuwa gidan tukuna. Ina kuma roƙon masu kiran dangi a gida su daina sa su sayar da kadara domin biyan wanda ya yi alkawarin waraka ta waya.

Haka nan wasunmu sun tsorata da suka ji ana ba shi mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, har ana raɗe-raɗin cewa allurar ƙarasa mutum ce. Wannan ba haka yake ba idan ƙwararru ne ke auna shi. Irin wannan kulawa tana da tarihi a wannan birni da muke zaune: a 1967 ne Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Sydenham da ke kudancin Landan, kuma babban abin da ta koyar shi ne a riƙa ba maras lafiya maganin ciwo a kan lokaci, daidai gwargwado, maimakon a jira sai ya fara murƙususu. Ta kuma nuna cewa ciwon mai irin wannan jinya ba na jiki ba ne kaɗai, har da damuwar iyali da bashi da tsoron abin da zai bari a baya. Ita kanta ciwon daji ne ya yi ajalinta a 2005, a cikin wannan gida da ta kafa. Mutumin da aka kwantar masa da ciwo shi ne ke iya yin salla ko da da ishara, ya yi zikiri, ya yi hira da 'ya'yansa. Idan kuwa wata rana jinyar ta fi ƙarfin gida aka ce a kai shi irin wannan wuri na 'yan kwanaki, kada wani ya ce iyalinsa sun yar da shi. Kyauta ake kula da mutum a can, ana barin iyali su zauna tare da shi, kuma da yawa sukan koma gida bayan an daidaita musu magani. Ƙungiyar Marie Curie ma tana tura nas ta kwana a gidan maras lafiya ba tare da an biya ba, kuma mun nemi likitansa ya shigar da sunansa.

Sai maganar wasiyya, wadda al'adarmu ke sa mu kauce mata kamar ambatonta ne ke kiran mutuwa. Duk lokacin da ɗan'uwanmu ya fara cewa akwai bashin wane a kansa, ko akwai fili a gida da takardarsa ke hannun wane, sai mu tare shi da cewa ya daina wannan magana, zai tashi. Muna ganin ƙarfafa masa gwiwa muke yi, alhali hana shi sauke nauyi muke yi. Ku bar shi ya faɗa, ku ɗauko takarda ku rubuta. A nan Ingila kuma rubutun yana da wani muhimmanci na daban, domin idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar ƙasa ce ke raba dukiyarsa: mata ta ɗauki kayan gida da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin, mahaifiya kuwa ba ta da komai, alhali a shari'a tana da sudusi, matar kuma sumuni. Wanda ke son a raba gadonsa yadda Allah Ya tsara, dole ya rubuta hakan, ya sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, shaidun kuma kada su kasance cikin masu cin gadon. Ya kamata a san kuma cewa banki yana rufe asusun da ke da sunan mutum shi kaɗai da zarar an sanar da rasuwarsa, don haka kuɗin haya da na cefane su kasance inda maiɗakinsa za ta iya taɓawa.

Ta ɓangaren kuɗi, akwai fom mai suna SR1 wanda likita ko nas ke cikewa ga wanda ake ganin ba zai wuce wata 12 ba, kuma da shi ake hanzarta tallafin gwamnati ba tare da an kira mutum tantancewa ba. An cike wa ɗan'uwanmu, tunda yana da izinin zama na dindindin, kuma masu ba da shawara na ƙungiyar Macmillan mai tallafa wa masu ciwon daji sun taimaka da sauran takardun. Amma ku dubi wannan ɗaki: ɗalibai nawa ne, masu bizar aikin kula da tsofaffi nawa ne, waɗanda takardarsu ta haramta musu irin wannan tallafi? Asibiti zai duba su, amma haya da wuta da abinci babu mai biya musu. Shi ya sa kwamiti ke neman a mayar da asusun jinya abin zubi na kowane wata, ba sai an kwanta a fara yawo da ƙoƙon bara ba. Kuma ba za a saka hoton ɗan'uwanmu a kan gado a intanet domin neman taimako ba. Ya ce ba ya so, magana ta ƙare.

Wasu sun tambaye ni ko ba gara a mayar da shi gida ya cika a gaban mahaifiyarsa ba. Tambaya ce mai nauyi, kuma shi kaɗai ke da ikon amsa ta. Ya auna wahalar tafiya, da cewa kamfanin jirgi ba ya ɗaukar mai irin wannan jiki sai da takardar likita, da wahalar samun maganin ciwo irin wanda yake sha a kai a kai idan ya koma, da karatun yaransa, ya ce zai zauna. Abin da muke yi yanzu shi ne neman wa Hajiya mahaifiyarsa bizar ziyara tare da wasiƙar likitansa, kuma ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin tikitinta.

Bari in ratsa da wani abu kafin in manta. Cutar hanta nau'in B tana cikin manyan abubuwan da ke haddasa dajin hanta a Afirka ta Yamma, yawanci tun ƙuruciya ake ɗaukarta, kuma takan yi shekaru a jiki ba tare da wata alama ba. Gwajin jini ne kawai, likitan unguwa yana yi kyauta, akwai rigakafi ga wanda ba ya da ita, akwai kuma maganin da ke danne ta ga mai ita. Ɗan'uwanmu da bakinsa ya ce in gaya muku kowa ya je a gwada shi.

Idan wa'adi ya zo a gida, ina roƙon wanda ke wurin ya natsu. A laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba da hayaniya ba. Ya riga ya tattauna da likitansa an rubuta cewa kada a danna masa ƙirji idan zuciya ta tsaya, takardar tana cikin jakar da ke gefen gado tare da lambar ma'aikatan jinya ta dare da rana, kuma su za a fara kira. Tun watan Satumba na 2024 doka ta ce sai wani likita na daban, wanda ba shi ya yi jinyar mamacin ba, ya duba dalilin mutuwa irin wannan kafin a yi mata rajista a ba da takardar binnewa, don haka mun sanar da su tun yanzu cewa addininmu yana son gaggauta jana'iza. Ya zaɓi maƙabartar Musulmi ta Gardens of Peace da ke gabashin Landan, an kuma tanadi masu wanka. Kada kowa ya sanar da rasuwa a waya ko a Facebook kafin Malam Shugaba ya tabbatar an gaya wa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa ta hanyar da ta dace.

Takardar jadawali tana kan teburin da ke bakin ƙofa. Daren Litinin da na Laraba har yanzu babu kowa, haka nan ɗauko yara ranar Juma'a, kuma muna neman mace ɗaya mai mota da za ta riƙa raka maiɗakinsa cefane. Ma'aji yana nan bayan salla ga masu zubi.

Allah Ya ba ɗan'uwanmu sauƙi, Ya sa wannan jinya ta zama kaffara a gare shi, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya. Malam Liman, bisimilla, a yi mana addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.