Idan an ce kwas yana da aiki, wane irin aiki ake nufi?

A duk lokacin da ɗalibi zai cike takardar JAMB, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, wane kwas ne ake samun aiki da shi? Amsar ta rataya ne a kan abin da masu ƙidaya suke kira aiki.

Kafin 2023, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Najeriya tana ɗaukar wanda ya yi awa 40 a mako a matsayin mai cikakken aiki, wanda ya yi awa 20 zuwa 39 kuma mai aikin da bai wadatar ba, wanda bai kai awa 20 ba kuwa ana sa shi cikin marasa aiki. Da wannan ma'auni, rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da hukumar ta koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya wadatu da aikin awa ɗaya tal na neman kuɗi cikin kwana bakwai, sai adadin ya zama kashi 4.1 a farkon 2023.

Ku dubi matashin da ya karanta ilimin sinadarai, ya gama bautar ƙasa, yanzu yana zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa da na'urar POS a hannu. Neman halal yake, babu abin kunya a ciki, kuma a lissafi mai aiki ne, amma shekaru huɗun da ya yi a ɗakin gwaje-gwaje ba su da hannu a abin da yake samu.

Wannan giɓin ne Babban Bankin Tarayya reshen New York a Amurka yake aunawa kwas-kwas, inda yake ƙirga masu digirin da suke aikin da ba ya buƙatar digiri, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na sababbin masu kammala karatu a Amurka cikin wannan rukuni suke faɗawa. Waɗanda suka karanta aikin jinya suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa sauƙi, domin a fannonin da ake ba da lasisi, irin su jinya, likitanci da haɗa magunguna, wanda bai yi karatun ba ba shi da ikon riƙe muƙamin.