Zufa da Kitso: Matakin da Ake Tsallakewa Bayan Motsa Jiki

[Hoto: allon waya, bidiyon wata mai gudu tana fesa gwangwani a kai]

Assalamu alaikum ƴan uwa mata na Damagaram, da ku da kuke kallonmu daga wasu garuruwa.

Wannan bidiyon, ko wani irinsa, na san ya faɗo muku a TikTok ko a zauren WhatsApp. Baturiya ta gama gudu, ta ɗauko gwangwani, fes-fes a kai, ta girgiza gashi, ta kama hanyar aiki. Shamfun fesawa ke nan, wai wankin kai ba tare da ruwa ba. To a garin da mace take tashi da asuba ta kasa kunne ko famfo ya kawo, in bai kawo ba ta jira ɗan garuwa, dole irin wannan magana ta shiga kunne. Sai ga saƙonni suna ta shigowa. Wata ta ce ta saya ta fesa, kitso ya yi fari fat. Wata ba ta da kuɗin gwangwani, ta barbaɗa hoda. Wata kuma ta ce ita ba ruwanta da kayan Turawa, man kaɗanya ta shafa ta bi shi da humra. Su duka ukun kuka ɗaya suke yi: ƙaiƙayi ya ƙaru, kuma bayan kwana biyu kai ya fara tashi.

Kayan nan uku ba su da laifi. Lokacin da aka sa su ne matsalar. A kan jiƙaƙƙen kai aka sa su.

[Hoto: mata suna tafiyar sassarfa da sassafe, sanye da hijabi]

Kafin mu kai can, abin da ake yi kafin a fita, a gurguje. Kada ki shafa mai da yawa a kai in za ki motsa jiki, zufa za ta narkar da shi ya gangaro goshi. Ki tattara jelar kitso sama, ta bar ƙeya, amma ba ɗaurin da zai ja gashin gaban goshi ba. A ƙarƙashin hijabi ki sa ɗan kallabin auduga, ba hular nan ta roba mai sheƙi ba. Ki jefa wani busasshen kallabi a jaka. Shi ke nan. In so samu ne a fita da sanyin safiya, don a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, wadda ta fita da hantsi kuwa ita ta so.

Yanzu ga inda nake so mu zauna.

[Hoto: kusa-kusa, tsagar kitso, zufa tana tsattsafowa]

Ku duba tsagar nan. Zufar da take fitowa daga fatar kai kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ce. Ɗan abin da ya rage, yawancinsa gishiri ne. A lokacin da ta fito ba ta da wani wari. To daga ina warin? Ruwa ba ya tsami banza. Fatar kan kowa, mai tsabta da marar tsabta, tana ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani, ciki har da wani nau'in yis da likitoci suke kira Malassezia, wanda yake da hannu a amosanin kai. Abincinsa maiƙo ne, irin wanda fata take fitarwa da kanta. Abin da yake so bayan abinci shi ne ɗumi da laima. Ke kuma kin dawo daga gudu, kai ya yi zafi, ya jiƙe, kin ƙara masa mai, kin ɗaure da kallabi, kin ɗora hijabi. Kin ba shi abinci, kin ba shi ɗaki, kin rufe masa ƙofa.

Duk macen da ta taɓa ninke wanki bai gama bushewa ba ta sa a akwati ta san warin da nake nufi. Shi ne dai.

Saboda haka aikin farko, kuma babba, shi ne kai ya bushe. Ba gashin sama ba, fatar da take ƙarƙashinsa. Nan ne mutane suke ruɗewa, don kina shafa saman kitso za ki ji shi a bushe, musamman a hunturu da iska take busar da komai nan da nan. Saman ya yaudare ki. Ƙarƙashin kowane layin kitso gashi ne a murɗe, a matse, ya riƙe ruwa, iska ba ta shiga.

Ga yadda ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Kina shiga ɗaki ki cire hijabi, ki cire kallabin da ya jiƙe, ki kwance ɗaurin jela. In a wurin motsa jiki kike kuma ba halin buɗe kai, ki shiga ɓangaren mata ki sauya jiƙaƙƙen kallabin da busasshen nan na jaka, ki ɗaura shi sako-sako har ki isa gida.

Sannan ki zauna. E, ki zauna kawai, ki sha ruwa. Jiki ba ya daina zufa don kin daina gudu. Zafin cikin jiki bai sauka ba tukuna, zai ci gaba da fitar da zufa na wasu mintoci. Wadda ta goge kai tana haki ta ɗaura kallabi, zufa ta biyu tana nan tafe a ƙarƙashinsa. Wannan ita ce take cin mutane da yawa, masu rantsuwa cewa sun goge kai sarai.

[Hoto: hannu da ƙyallen auduga, yana bin tsaga ɗaya bayan ɗaya]

Da numfashi ya daidaita, ki ɗauko ƙyallen auduga mai laushi, ko tsohuwar riga mai tsabta. Ki tsoma a ruwa ki matse sosai, ya zama danshi kawai. Kofi ɗaya na ruwa ya isa, ba bido ba. Ki naɗa shi a yatsa ki bi tsaga. Dannawa ake yi, ba gurzawa ba. Ku kalli hannunta: danna, ɗaga, matsa gaba. Gashi in ya jiƙe ya fi saurin tsinkewa, gurzawa kuma ita ce take tayar da ƙananan gashi kitso ya tsufa kafin lokacinsa.

Wata za ta ce, ana neman bushewa kuma a ƙara ruwa? Dalilin gishirin nan ne. In zufa ta bushe da kanta, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna a fata. Shi ne farin zanen da kike gani a bakin baƙin kallabi. Irinsa ne yake kwanciya a tsaga, ya busar da fata, ki yi ta susa da kibiya ko ki dinga bubbuga kai da tafin hannu a gaban mutane. Ƙyalle mai danshi yana kwashe shi. Ki fi ba da ƙarfi a wuri uku: ƙeya, bayan kunnuwa, da gaban goshi.

In za ki yi wanka, yanzu ne lokacinsa, kafin busarwa. Hular wanka ta leda tana tara gumi a ciki, balle da ruwan zafi. Wadda ta busar da kai sannan ta shiga wanka da hular leda, ta koma gidan jiya.

[Hoto: fanka tana juyawa, wata da mafici, wata da na'urar busar da gashi]

Sai iska. Fanka ta isa. An ɗauke wuta? Mafici. Mai na'urar busar da gashi ta sa ta a kan iska mai sanyi, don mai zafi sabuwar zufa za ta jawo. Ki dinga ɗaga layukan kitso da yatsa iska ta shiga ƙarƙashi. Mai shuku ta kula da tsakiyar kai inda aka tattara. Mai kalaba ko ƙarin gashi, naki zai fi daɗewa, ki yi haƙuri da shi. A hunturu abu ne na ɗan lokaci, amma ki yi shi a cikin ɗaki, kada ƙurar waje ta manne a jiƙaƙƙen kai. A watan Agusta, da iska take ɗauke da laimar damina, ki ninka lokacin.

Yaya za ki san ya bushe? Ki ɗauki farar takardar goge hannu ki danna a tsagar ƙeya. In ta fito da tabo, da saura. Ko ki sa yatsa can ƙarƙashin layi: in kin ji sanyi-sanyi, ruwa ne.

[Hoto: faranti biyu, ɗaya da ɗigon mai, ɗaya da ruwa, ana barbaɗa farin gari a kowanne]

Yanzu mu koma kan gwangwanin. Abin da yake ciki galibi sitaci ne, na shinkafa ko na masara, da iskar gas mai turo shi waje. Aikin sitacin shan maiƙo ne. Ku duba farantin farko: ya shanye man, an kaɗe ya tafi. Ku duba na biyu. Kwaɓi. Abin da ya faru a kan ƴar uwarmu mai farin kitso ke nan, kuma shi ya faru da mai hoda.

Ban da haka, an ƙera shi ne don miƙaƙƙen gashi, wanda maiƙon fata yake gangarawa a jikinsa ya lanƙwame cikin kwana ɗaya ko biyu. Namu murɗaɗɗe ne, maiƙon ba ya samun hanyar gangarowa, shi ya sa kukanmu kullum bushewar gashi ne. Baturiyar nan tana fesawa ta taje ta kaɗe. Ke ta ina za ki taje kitso? Ra'ayina, mai kitso ba ta buƙatarsa, ta adana kuɗinta. Mai gashin da aka miƙar da mai ko da ƙarfe, in tana so ta yi amfani da shi, to a busasshen kai, daga nisan santimita 20 zuwa 30, kaɗan, ta bar shi ɗan lokaci sannan ta taje.

Kuma don Allah ku saurari wannan. Gas ɗin da yake cikin gwangwanin nan mai kamawa da wuta ne. Mu kuwa mutanen turaren wuta ne. Kada a fesa shi kusa da kasko mai garwashi, kada a fesa a tsuguna kan turare nan take. A fesa inda iska take shiga. A watan Oktoban 2022 kamfanin Unilever ya janye wasu shamfunan fesawa nasa daga kasuwar Amurka, ciki har da na Dove da TRESemmé, saboda yiwuwar akwai sinadarin benzin a cikinsu, wanda aka san yana jawo kansar jini. Gwangwanin da ba a ga ranar ƙera shi ba, a bar wa mai shago kayansa.

[Hoto: yatsa ya ɗebo ɗan mai, kasko da hayaƙi, ana ɗaura kallabi]

Sauran da sauri. Kai ya bushe? Ɗan mai a kan yatsa, a bi jikin kitso da jela, ba a cika tsaga da shi ba. Mai amosani ma ta nisanta shi da fatar gaba ɗaya. Humra a jikin kallabi, ba a fata ba. Turaren wuta yanzu ne zai kama ya yi daɗi. A jiƙaƙƙen kai hayaƙi da zufa ne suke haɗuwa, kuma duk wanda ya zauna kusa da ke a adaidaita zai gane. Gaban goshi ya tashi? Ki kwantar da shi da ɗan buroshi mai laushi, ki ɗaura kallabi mai santsi na wasu mintoci. Kallabin motsa jiki kuwa a wanke shi duk ranar da aka sa, kada a rataye a ƙusa gobe a maimaita. Kada a yi aron mataji, tawul ko hula, ta nan makero yake yaɗuwa.

Maza, na ga kuna leƙe. Ku da kuke dawowa daga ƙwallo ko atisayen kokowa da askinku ƙwal, moɗa ɗaya ta wanke kan nan. Ku dai leƙa cikin hularku.

Abu biyu kafin mu rufe. Wannan dabara ta tsabta ce tsakanin wanki da wanki, ba ta shafi wankan ibada ba, hukuncin wancan a tambayi malamai. Na biyu, ba ta kashe wankin kai. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba masu irin gashinmu shawarar wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kuma kada kitson ƙari ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai. Mai zufa kullum ta tsaya kan mako-mako, da shamfu ko da karkashi, kuma ana iya yi da kitson a kai ba sai an tsefe ba. In kin busar yadda muka nuna amma warin bai tafi ba, ko farce yana kankaro farin datti daga tsaga, ranar wanki ta yi ko da ba ita kika tsara ba. Ƙuraje masu ruwa, ko wuri da gashi ya zube ya bar fili, wannan ya wuce ƙyalle da fanka, sai a je asibiti.