Kafin ƙuraje su feso: yadda ƙyanda ke shiga aji

A ce yau Litinin. Wata yarinya 'yar aji biyu ta zo makaranta tana tari, hanci na yoyo, idanu jajir. Kowa ya gan ta, mura zai ce. Sai ranar Juma'a ƙuraje suka feso mata a fuska da bayan kunne, sannan aka gane baƙon dauro ne, wato ƙyanda.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai ƙyanda yana fara yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ƙwayar cutar kuma takan daɗe a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai tarin ya fita. A cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna kusa da ita, tara za su iya kamuwa. Ashe tun Litinin ɗin aikin gama ya gama.

Shi ya sa jami'in lafiyar makaranta da ya san aikinsa ba ya jiran ƙuraje. Katin rigakafi yake dubawa tun ranar ɗaukar ɗalibai. Allurar nan, wadda aka fara amfani da ita a 1963, sau biyu ake yi, kuma biyun na kare kusan yara 97 cikin 100. Ko an riga an yi cuɗanya da mai cutar, idan aka yi wa yaro allura cikin awa 72, tana iya tare ta. Don haka a ranar da aka gano cutar ake sanar da iyaye, ban da ɓoye-ɓoye don gudun ɓacin sunan makaranta.

Sai abin da aka fi mantawa: dawowar yarinyar. Ƙyanda na iya barin rauni a ido ko a kunne, kuma kare idon na cikin dalilan da suka sa likitoci ke ba da bitamin A. Malam, idan ta dawo ka ga kana kiran suna ba ta juyowa, ko tana kanne ido wajen kallon allo, kada ka ce taurin kai ne. Dawo da ita layin gaba, ka riƙa fuskantarta in kana magana, sannan ka rubuta wa iyayenta takarda a je a gwada jinta da ganinta.