Su wa ake ƙirgawa cikin 'yan mazan jiya?

(An rubuto wannan lacca daga rikodin taro, an rage maimaici da doguwar gaisuwa.)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu tsofaffin sojoji da ke sahun gaba, ranku ya daɗe. Malamai, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa.

Duk ranar 15 ga Janairu ana fareti a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tantabaru. Da can 11 ga Nuwamba ake yi, irin na Ingila, daga baya aka dawo da bikin ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Biki ne da ya dace, ina kuma girmama shi. Abin da ya kawo ni gabanku tambaya ce guda: idan an ce 'yan mazan jiya, su wa ake ƙirgawa, su wa ake bari a bakin ƙofa?

Mu fara da sunayen da muke wucewa kullum. Barikin Dalet a Kaduna, barikin Chindit a Zariya inda ake horar da kurata, Dodan da Arakan a Legas, duk daga yaƙin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, aka samo su. Wajen mutum 90,000 aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa can a Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82. Sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan cikin 1944, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Daji ne da duwatsu inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ya jefo kaya, mutane su ɗora a ka, harsashi da abinci da magani, su hau dutse su gangara, su dawo ɗauke da wanda aka harba. Da yawa daga cikin 'yan dakon nan ba su da bindiga a hannu, amma harsashin Japan bai bambanta su da masu bindiga ba.

Su ma ɗin sun fi na Yaƙin Duniya na Ɗaya sa'a, domin su aƙalla suna da lamba. Waɗanda suka yi dako a yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka, da yawansu ko suna ba a rubuta musu ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, akasarinsu daga Gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba, wasu ma ba a tuna da su ba sam. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa, bayan shekara ɗari.

Masu lambar ma da suka dawo gida, me suka tarar? Kuɗin sallamar Bature ya kai har ninki uku na baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi. A Thiaroye ta Senegal, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wa 'yan'uwansu baƙaƙe wuta saboda sun nemi haƙƙinsu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe tsofaffin sojoji uku da ke kan hanyar kai wa gwamna takardar koke. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun san yadda Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka tun 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da yawancin masu shi sun riga mu gidan gaskiya. An ci moriyar ganga, an yada kwaurenta.

To, wannan na Turawa ne. Mu fa?

A wurin doka, tsohon soja shi ne wanda aka ɗauka aiki, aka ba shi lamba, aka sallame shi da takarda, fansho kuma yana bin yawan shekarun aiki. Ba na raina wannan ma'auni. In babu shi, sojan gona zai cika layin hukumar fansho, ya ci rabon mai haƙƙi. Amma ku duba waɗanda yake zubarwa. Kafin Yaƙin Basasa sojojin Nijeriya ba su wuce 10,000 da wani abu ba, ana gama yaƙi sun kai wajen 250,000. Yaron da aka ɗauka a 1968 aka kai shi bakin daga, aka sallame shi kafin shekarunsa su cika, yana iya ƙarewa ba shi da sisi a wata, alhali wanda ya cika shekarunsa a ofis yana karɓa. Ban ce a hana na ofis ba, aikinsa ya yi. Masu takardar ma ai mun sha ganinsu sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, dattawa da furfura, suna neman kuɗin da aka riga aka amince nasu ne.

Kuma ma'aunin nan ba wahayi ba ne, mutane suka tsara shi, an taɓa gyara shi. A 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar da aka yi wa sojojin da suka koma ɓangaren Biyafara zuwa ritaya. Idan ƙasa ta iya yin wannan, kuma ni ina ganin ta kyauta, to tana iya duban matasan Maiduguri.

A 2013 ne suka fito da gora da adda, 'yan kato da gora, suka riƙa tare hanya suna zaƙulo 'yan Boko Haram da suka sani a unguwa. Su ne jagoran soja a daji, su ne a shingen bincike inda ɗan ƙunar baƙin wake ke fara isa. Mafarauta a Adamawa sun yi irin wannan a 2014. An ɗauki wasu aikin soja, gwamnatin Borno tana ba wasu alawus. Sauran fa? Wanda ya rasa ƙafa, da matar da aka bari da marayu, a wane littafi sunansu yake? Na san akwai zarge-zargen cin zarafi a kan wasunsu. A bincika, a hukunta mai laifi kamar yadda ake kai soja kotun soja. Laifin wani ba ya goge jinin wani.

Abin da nake nema ba shi da wuya. A raba maganar gida biyu. Fanshon soja ya zauna ga mai lamba, a kuma biya shi a kan kari. Sannan a buɗe rajista ta biyu a kowace ƙaramar hukuma, da sa hannun kwamandan da aka yi aiki a ƙarƙashinsa da na mai unguwa, domin duk wanda ya yi yaƙi da izinin hukuma ba tare da kaki ba. Mai suna a ciki ya samu magani kyauta in ya ji rauni, 'ya'yan mamaci su samu karatu. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da rassa a jihohi, tana iya taimakawa wajen tantancewa.

Ku kuma ɗalibai, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yanzu ya doshi 80. Suna nan a unguwanninku, wasu suna gadi, wasu suna kwance. Ku je da wayoyinku ku ɗauki muryarsu, ku tambayi bataliyarsu, da garuruwan da suka bi, da sunayen abokansu da ba su dawo ba, ku kawo wa sashen tarihi ya adana.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya cika. A ba iyayenmu na sahun gaba damar fara magana kafin a karɓi tambayoyi.